Guzurin Tahira da Sallahun Zariya

Ni Maman Lawali, magidanci mai hayar tanti da kujerun biki a unguwar Zariya, an zalunce ni a garin nan na Maraɗi, kuma har yau babu wanda ya tako ya ba ni haƙuri. Masu shayi sun ba da nasu labarin, matan bakin famfo sun ba da nasu, har yaran da ba su iya fyace majina ba suna kwaikwayon tafiyata a bakin titi. To yau sai a yi shiru a ji daga bakin mai abin.

Autata Tahira ce ta dawo daga lise, makarantarsu ta sakandare, wata rana tana tsalle tun daga zaure. Wai ƙungiyarsu ta masu kula da itatuwa za ta yi tattaki cikin kakar nan: daga Maraɗi zuwa Jiratawa a ƙasa, su kwana a tanti gefen lambuna, sannan su biyo gulbi su ɓulle Tibiri. Shekararta ta ƙarshe ke nan a lakkol. Bara an yi, uwarta Balki ta hana. Bana yarinya ta yi ta roƙo, ta wanke tukwanen da ba a sa ta ba, har Balki ta gaji ta ce to.

Na ajiye ludayin kunu na ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya haɗa ki da uban da ya san daji. Ni da na kwana a dokar daji bayan Dakoro, kura tana shinshinar ƙafata."

Balki ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. "Kamiyon albasa ne ya lalace da ku, Malam. Kurar kuma karen mai gareji ce."

"Kina wurin?"

"Kai ka faɗa mini, kafin labarin ya yi ƙiba."

Tahira ta matso ta durƙusa. "Baba, don Allah ka ji. Malamarmu Madam Fadila ta ce kowa abin da bayansa zai iya ɗauka. Tabarma, bargo, sange saboda sauro, ruwa, da abincin da ba ya lalacewa. Wanda ya zo da abin da ya fi ƙarfinsa gida zai koma, ba roƙo ba lallashi. Bara wata ta zo da katifa, sai da aka nemo mota."

Na ce, "Madam ta san alli da allo. Ni na san tanti. Ki bar komai a hannuna."

Da la'asar na tafi fadarmu ta shayi, gindin dogonyaro. Ban yi fariya ba, Allah ne shaida. Cewa kawai na yi ɗiyata za ta ƙetare daji da gulbi, kuma guzurin da zan haɗa mata, ko ayarin Bilma bai taɓa ganin irinsa ba. Taubashina Abdulmutallib, ɗan gwaggota Bagobirin Tibiri, wanda Allah ya halitta don ya ɓata mini rai, ya kurɓi shayi ya ce:

"Bawana, Jiratawar nan da masu salat ke zuwa su dawo kafin hantsi?"

"A kan babur suke zuwa, ɗan ƙauye. A ƙasa wani abu ne daban. Matafiyin ƙwarai shi da kayansa a bayansa, ba ya jiran jaki ba ya jiran kabu-kabu."

"Kai da in za ka masallacin Juma'a sai an goya ka?"

"Wannan saboda rigata ce, kada ta yi ƙura."

Na bar su suna dariyar jahilci, na nufi mahauta.

Na fara da kilishi. Balki ta ce a saya a tasha, na ce ɗiyata ba za ta ci naman da ban san tarihinsa ba. Na yanka nama da hannuna. Gaskiya ya ɗan yi kauri, kamar dunduniyar takalmi, amma mai tafiyar ƙasa yana bukatar abin da zai daɗe yana tauna. Na dama labu da yaji da citta, na tsoma, na kafa tsani, na shanya bisa kwanon ɗaki.

Ban sauko daga tsanin ba shirwa ta farko ta iso. Ta ɗauki nata ta tafi ba ko godiya. Ban san yadda suke sanar da juna ba, amma kafin in nemo danƙo, sararin gidana ya yi baƙi kamar za a yi ruwa. Na auna babbar cikinsu na saki dutse. Shirwar ta kauce, don ba ta da tarbiyya, dutsen ya wuce ya daki farantin tele na maƙwabciyata Hajiya Tsahara, ya ba da wata ƙara kamar an buga gwangwani a masallaci.

Hajiya Tsahara tsohuwa ce mai dukiya, mijinta ya bar mata manyan motoci, kuma muryarta tana kai wa Sabon Gari ba tare da salula ba. Ta leƙo ta bisa katanga.

"Lawali! Mi farantina ya yi maka? Ana tsakar ɗaura auren yarinyar nan da na yi wata da watanni ina bi, sai hoto ya koma tsaki!"

"Hajiya, yaƙi nake da shirwa."

"To shirwar a tele take?"

Na ga dutse ba zai yi ba, sai na yi dabara irin ta manya. Na ɗauko sabon sangen da Balki ta saya wa Tahira, na kafa shi bisa ɗaki, na rufe naman ruf. Shirwa suka yi ta shawagi suna cizon yatsa. Abin da ban lissafa ba shi ne sange yana shan ƙamshi. Da na sauko da shi ya koma ja, yana ɗigar mai, kuma magen da na sani da waɗanda ban sani ba suka jeru a kan katanga suna kallonsa kamar masu jiran rabon zakka.

Tahira ta ɗaga shi da yatsa biyu. "Baba, a cikin wannan zan kwana?"

"Sauro ba ya son yaji. Na yi miki maganin abu biyu a lokaci ɗaya."

Kashegari na zo kan fannina. Tantin da Madam ta tanadar musu, wai wani ɗan ƙyalle ne da ake naɗewa kamar laima. Ɗiyar mai tanti ta kwana a cikin aljihu? Na fito da babban tantina mai ƙafafun ƙarfe da geza ruwan ɗorawa, wanda attajirai ke layi a kansa. Tsakar gida ba ta ɗauke shi ba, sai na kafa shi a ƙofar gida, ya toshe lungu daga bango zuwa bango. Na jera kujeru kaɗan don Tahira ta zauna in nuna mata yadda ake ɗaura igiya.

A nan ne mutanen Zariya suka nuna mini halinsu. A garin nan ba a ganin tanti a lungu a wuce. Malam na farko ya zo ya cire takalmi, ya zauna, ya ɗaga hannu ya shafa. Na biyu ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri?" Kafin in buɗe baki mata sun fara shiga gida da lulluɓi, wata har ta fara kuka tun daga bakin lungu, ta faɗa jikin Balki tana cewa duniya ba komai ba ce. Ta ɗaya gefen kuma wani maroƙi ya ga geza ruwan ɗorawa ya yanke hukuncin aure ne, ya shigo da kirari, yana neman a nuna masa uban amarya.

Abdulmutallib ya iso a guje, hula a hannu. Wani ya tare shi ya ce, "Wa ya rasu?"

Ya dube ni, ya dubi tanti, ya mayar da hularsa. "Hankalin Maman Lawali ne. Ya daɗe yana jinya."

Wani kurma a kujerar baya ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Baƙo ya zauna a ƙofarka, ba ka barin sa da baki busasshe. Dambun naman da Balki ta yini tana daka wa Tahira, shi aka fito da shi, ya ƙare kafin faranti ya zagayo. Aka bi da dakuwa. Aka bi da ƙuli-ƙuli. Kilishina ne kaɗai ya tsira, don liman ya gwada ya ce haƙoransa amana ce.

Na ga abin zai wuce gona da iri, sai na hau kujera na yi jawabi. Na ce babu mutuwa babu aure, ɗiyata Tahira ce za ta yi tafiyar ƙasa, Jiratawa da Tibiri, ƙarƙashin shirin ubanta. Na yi zaton za su ji kunya su watse.

Ba wanda ya tashi. Sai Hajiya Tsahara ta gyara zama ta ce, "Tibiri ka ce?"

Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan tambaya. Mutumin Maraɗi ba ya jin wani zai yi tafiya ya bar shi ya tafi hannu sake. Sallahu ya fara sauka kafin magariba. Hajiya Tsahara ta aiko da turmi, sabo fil, na ɗiyarta da ke aure a Tibiri. Mai gyaran injuna ya kawo kan injin ban-ruwa, wai mai shi yana Jiratawa, "duk wanda ta tambaya ya san shi, wani dogo ne." Wata ta kawo zabi a kwando na surukarta. Kafinta ya jingina ƙyauren ɗaki a zaurena ya ce ba nauyi, faɗi ne kawai. Liman ya kawo agogon bango. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta jawo akuya mai ciki, ta ɗaure a ƙafar tantina, ta ce a kai wa ƙanenta, kuma kada a bari ta sha ruwan gulbi, tana da sanyi.

Tahira ta ja ni cikin zaure, idanunta sun ciko. "Baba, ka ce musu a'a. Wallahi Madam za ta kore ni."

"A'a? Ga Hajiya? Bayan na fasa mata aure a tele? Ɗiyata, a gidan nan ba a taɓa mayar da sallahu ba. Kakanki ya taɓa kai wa wani raƙumi Madarunfa alhali shi kasuwa za shi sayen gishiri."

"To yaya zan ɗauka?"

"Tsari. Komai tsari ne."

Balki ta wuce mu da tsintsiya ba ta ce uffan ba. Na daɗe da sanin cewa shirun Balki ya fi faɗanta haɗari, amma aiki ya yi mini yawa.

Kashegari saura abin sha. Ruwa kowa zai kai, ni ɗiyata fura za ta sha. Na sa aka dama fura da nono mai yawa, na zuba zuma, na ɗura a bido babba irin na mai, har wuya. Don kada ta zube a hanya, na toshe bakin da leda, na murɗa murfi, na naɗe da robar taya har sai da yatsuna suka yi fari. Na ajiye shi a tsakar gida inda rana ke bugawa, don kowa ya san zafi yana kashe ƙwayar cuta. Da yamma na ga bidon ya ɗan yi ciki. Na ce albarka ce.

Ranar tafiya da sassafe na ɗauko mai amalanken jaki. Muka loda tanti da ƙafafunsa, turmi, inji, ƙyaure, agogo, zabi, buhun kilishi, tukunya da murhu, da kujeru biyu ko za ta yi baƙi. Bido a bisa, ya koma kamar tulu. Akuya a baya. Ni na sa babbar rigata ta shadda mai ruwan bula, na kafa hula, na shige gaba. Masu sallahu suka biyo mu don su ga tashin kayansu, maroƙin nan ya biyo don har yanzu bai yarda ba aure ba ne, magen unguwa kuma suka biyo sange a jere, wutsiya sama. Tahira tana can baya ta ja hijabi har hanci, Balki na gefenta da mayafi ya yi wani tudu.

A ƙofar lise muka tarar da yara sun yi layi, kowa da 'yar jakarsa a baya kamar masu zuwa gidan kaka. Madam Fadila na tsaye, 'yar siririya da tabarau da takalmin ƙwallo, ta rataya sikeli irin na mahauta a reshen dogonyaro tana auna jaka ɗaya bayan ɗaya. Da ta hango mu ta sauke tabarau.

"Ƙaura ake yi?"

Na ce, "Madam, ina kwana. Kayan Tahira ne."

Ta zagaya amalanke a hankali. Zabuwa ta leƙo ta yi mata tsawa. Jakin kuma, da mage ta hau bayansa tana neman hanyar sange, ya yi wata harbin iska, mai amalanke ya ce shi iyakarsa nan. Ya kwance igiya, ya zube mana kaya a ƙofar lakkol, ya kaɗa jakinsa ya yi gaba ko waiwaye babu.

Madam ta ce, "Baban Tahira, turmin na mene ne?"

Hajiya Tsahara ta amsa daga baya. "Nawa ne. Tibiri za shi, bayan gidan mai unguwa. Amana ce yarinya ta ɗauka."

"Injin kuma Jiratawa," in ji mai gyara. "Wani dogo."

"Akuyar kada ta sha ruwan gulbi," in ji tsohuwa.

Madam ta mayar da tabarau. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Na faɗa tun farko. Ba zan ja yara talatin gida gida muna neman wani dogo ba. Yarinyar da amanar rabin unguwa ke wuyanta ba za ta bi ni ba. Tahira, ki yi haƙuri, ki koma gida."

Tahira ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta sunkuyar da kai kawai, hawaye na ɗiga a kan takalmin da ta wanke tun shekaranjiya. Ƙawayenta suka kau da ido. Balki ta dube ni, irin kallon da ake yi wa ɓera a cikin tukunyar miya.

To a nan ne basira ta zo mini, wadda masu ba da labari suke tsallakewa. Na yi dariya mai ƙarfi, na tafa hannu.

"Madam, kin yi mini mummunar fahimta! Wa ya ce kayanta ne? Cewa na yi kayan uban Tahira. Nawa ne duka. Ni na karɓi sallahu, ni zan kai. Dama ina da niyyar miƙe ƙafa."

Madam ta ce, "To ina nata?"

Ban shirya wa wannan ba. Sai Balki ta yaye mayafi ta fito da 'yar jakar goyo, an ɗaure tabarma da bargo a bisanta, ga gorar ruwa a gefe, ga sangen ɗakinmu ya leƙo. Matar da nake ci da ita nake sha da ita, ashe a bayan idona ta haɗa wata tafiyar daban! Madam ta rataya jakar a sikeli, ta duba, ta gyaɗa kai.

Amma Hajiya Tsahara ta tako ta riƙe hannun Tahira. "Tsaya tukuna. Ni yarinyar nan na yarda da ita, Lawali kuwa na san shi tun yana satar mangwaro. In ta tafi, turmina zai kwana a zaurensa har jikokina su gaje shi. Ba zan sake ta ba sai na ga kaya sun tashi daga ƙasa sun kama hanya."

Na ce, "Sai a nemo wata amalanken."

Abdulmutallib ya fito daga cikin taro, fuskarsa tana walƙiya kamar ranar sallah. "Amalanke? Haba ubangidan daji! Ba kai ka ce mana matafiyin ƙwarai shi da kayansa a bayansa ba? Jama'ar fada, ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa!" Har waɗanda ba 'yan fadarmu ba suka amsa.

Madam ta dubi rana ta ce ita ba za ta jira ba, rana na ɗagawa za su tafi, da Tahira ko babu ita.

Na dubi ɗiyata. Ta dube ni ta cikin hawaye. Na tuɓe hula na miƙa wa Balki.

"Ku ɗora."

Ban taɓa ganin mutanen Zariya sun yi aikin gayya da irin wannan nishaɗi ba. Aka fara ɗaura mini ƙyaure a baya kamar allon makaranta. A jikinsa aka ɗaure turmi, aka zura ƙafafun tanti ta gefe suka fito mini kamar ƙahonin bijimi. Aka naɗa tamfol aka ɗora. Injin ban-ruwa aka saƙala a ƙirji don wai nauyi ya daidaita. Agogo a wuya. Kwandon zabi a hannun hagu, igiyar akuya a na dama. Sange aka yafa mini a kafaɗa don babu inda za a sa shi. Abdulmutallib da kansa ya ɗauko bido, ya ce, "Kai, wannan numfashi yake yi," ya kafa shi cikin bakin turmi daidai ƙeyata.

"Bismillah, bawana. Tashi."

Mutum huɗu suka ɗaga ni suka saki. Gwiwoyina suka yi wata magana da ban taɓa jin sun yi ba. Ƙasa ta matsa hagu, ta dawo dama. Amma na tsaya. A rubuta wannan, na tsaya.

Hajiya ta ce, "Tsayuwa ba tafiya ba ce."

Na ɗaga ƙafa. Na ajiye. Na ɗaga ɗayar. Ƙahonina suka share hular liman, suka kwashe tiren mai gyaɗa. Maroƙi ya samu abin da yake nema tun shekaranjiya, ya ɓarke da kirari: "Giwa mai tafiya da gari! Raƙumin Zariya, ba a sa maka akala!" Ni kuwa gumi ya rufe mini ido, ba abin da nake gani sai bakin gudro, wato titin kwalta, a gabana, ina jin bido a ƙeyata yana wani gurnani ƙasa ƙasa.

Ta gefen ido na ga Hajiya ta saki hannun Tahira. Na ji Madam ta hura usur. Yara suka fara wuce ni a layi, kowa yana sunkuyawa ta ƙarƙashin ƙafar tanti. Tahira ta zo daidai ni ta rage tafiya.

"Baba..."

"Wuce," na ce ta tsakanin haƙora. "Wuce, kada ki tsaya. Wannan ba komai ba ne, a Dakoro na ɗauki ninkinsa."

Ta wuce. Ta shiga layi. Layi ya hau gudro.

Abin da ya biyo baya, laifin mage ne. Wata baƙa ta gaji da haƙuri ta yi tsalle ta kama sange. 'Yan'uwanta suka ga an buɗe hanya. Zabi suka ga mage suka fasa kwando, suka tashi ta fuskata. Akuya ta ga zabi ta zagaya ni a guje, ta sake zagayawa, igiya ta ɗaure mini ƙafafu da hannu wuri ɗaya. Na yi baya a hankali, da mutunci, kamar bishiyar da aka sare, na sauka a kan ƙyaure.

Sai bido ya yi magana.

Masu shago a Sabon Gari sun ce sun ji, sun ɗauka tayar kamiyo ce. Murfin ya tashi sama, ba a gan shi ba har yau. Fura ta yi tsiri kamar famfon da ya fashe, ta sauko a kan liman, da maroƙi, da Hajiya Tsahara tun daga ɗankwali har zobe. Abdulmutallib, da yake bakinsa a buɗe yake yana dariya, shi ya fi kowa samun rabo. Ragowar ta dawo kaina. Agogon liman, da bai taɓa aiki ba, ya fara bugawa a ƙirjina.

Ina kwance ina kallon sama, mage na lasar kunnena, Hajiya ta sunkuyo tana share fura daga gira.

"Lawali, turmin bai fashe ba ko?"

"Hajiya, ni fa?"

"Kai ai ba sallahu ba ne."

Abdulmutallib ya durƙusa yana tari, ya kama kullin igiya. "Bari in kwance ka, bawana, kafin akuyar nan ta haihu a kanka."

Na karkata kai. Can bakin kwana layin yara yana shigewa, Tahira ce ta ƙarshe. Ta tsaya ta juyo, 'yar jakarta a baya, hannu a baki, ta rasa ko ta dawo ko ta tafi.

Na ce, "Kada ka taɓa igiyar nan. In ta ga ana ceton ubanta za ta dawo."

Hannuwana a ɗaure suke, sai na ɗaga ƙafafuna biyu da igiyarsu, na kaɗa mata su, kamar mutumin da ya zaɓi ya kwanta a nan don ya huta. Ta tsaya kallo. Sai na ga kafaɗunta suna rawa don dariya, ta ɗaga hannu sama ta kaɗa mini, ta juya da gudu ta bi 'yan'uwanta, kwana ta shanye ta.

Na sauke ƙafafu.

"To, yanzu ku kwance ni. Ku fara da akuyar."